Matambayi Ba Ya Ɓata: Yatsa, Fuska Ko Lambar Sirri, Wanne Ke Tsare Waya?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan waya da agogon zamani suka taru, don haka na haɗa su wuri guda. Kamar kullum na sakaya sunaye, na kuma rage wa masu tsawo tsayi.

Tambaya: Malam, abincin sayarwa nake yi a Zariya. Hannuna kullum cikin ruwa da manja yake, kuma ba na rabo da ƙunshi. Wayar da nake riƙe da ita a kan gilashi ake ɗora mata yatsa, sai in yi ta ɗorawa ta ƙi buɗewa, mai sayen abinci yana tsaye yana jiran in duba ko kuɗinsa sun shigo. Na tara kuɗi zan canza. Ƙanena ya ce Samsung, maƙwabciyata ta ce Tecno, 'yata kuma ta dage sai iPhone ko ta hannu ce. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin ki tambayi mai shago sunan kamfani, fara tambayar sa inda aka sa wurin ɗora yatsa, don a nan matsalarki take.

Na'urar karanta yatsa iri uku ce a kasuwa. Akwai wadda ke jikin madannin kunna waya a gefe, ko a bayanta. Ita ba ganin yatsa take yi ba, jin sa take yi: ƙananan ƙwayoyi ne jere a wurin, suna auna bambancin lantarki tsakanin tudu da kwarin zanen fata. Ita ce tsohuwar hannu, ita ce mai arha, kuma har gobe ba a cika kama ta a sauri ba. Irinta ce a jikin Tecno Spark 20 da Galaxy A15.

Akwai irin taki, ta ƙarƙashin gilashi mai aiki da haske. Kamfanin vivo ne ya fara fito da ita kasuwa a 2018, yanzu tana jikin wayoyi irin su Camon 30 da Galaxy A55. 'Yar ƙaramar kyamara ce aka ɓoye, gilashin ya haska yatsa, ita kuma ta ɗauki hotonsa. Shi ya sa in kin ɗora yatsa cikin duhu sai wani farin haske ya kashe miki ido. To tunda da gani take aiki, duk abin da ya rufe mata ido ya gama da ita: maiƙon manja a kan gilashi, ɗigon ruwa, da baƙin ƙunshi mai shanye haske. Ba ke kaɗai ba ce. Hukumar JAMB ta sha gargaɗin 'yan mata su guji lalle a yatsu kafin rajista da ranar jarrabawa, saboda na'urorinta kan kasa gane su.

Ta ukun da sauti take aiki, sautin da kunne ba ya ji, tana aika shi ya bugi yatsa ya dawo. Wannan ta fi haƙuri da jiƙaƙƙen hannu, launin fata kuma bai dame ta ba. Sai dai a manyan wayoyi take, irin jerin Galaxy S tun daga S10 ta 2019, kuma kuɗinsu zai cinye jarin tukunya.

Maganar 'yarki kuwa, ba ta faɗi ƙasa banza ba. Tun daga iPhone X ta 2017 Apple ya koma buɗe waya da fuska, ta ƙarshe mai yatsa ita ce SE ta 2022, ita ma an daina yin ta a 2025. Mai buɗe waya da fuska ba ruwanta da manja. Amma ki lissafa sauran: iPhone ta hannu yawanci batirinta ya gaji, ke kuma daga asuba har isha'i kina bakin murhu ba wurin caji, sannan ranar da ta suɓuce ta faɗi kan siminti, kuɗin gilashinta kaɗai zai iya sayen wata sabuwar ƙaramar waya.

Da ni ne ke, sabuwa zan saya a kwali, mai yatsa a gefe, mai batir 5000. Tsakanin Tecno da Samsung kuma ga yadda nake auna su. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, don kasuwar Afirka yake ƙera wayoyinsa, kayan gyaransu ko'ina akwai, kowane mai gyara a kasuwar PZ ta Zariya ya san cikinsu. Samsung kuma ya fi daɗewa yana aiko wa waya gyaran tsaro: ya yi wa A15 alkawarin shekara biyar, A16 shekara shida. In ke mai riƙe waya ce har ta tsufa a hannunki, ƙanenki ya yi gaskiya. In kuma kina canzawa duk bayan shekara biyu, bi maƙwabciyarki, ki zuba ragowar kuɗin a jari.

Duk wadda kika saya, ki yi wa yatsan hagu rajista, tunda dama ce ke cikin miya. Ki sa yatsa ɗaya sau biyu, karo guda hannu a bushe, karo guda bayan kin shafa mai, musamman da hunturu lokacin da fata ke kaushi. Ranar ƙunshi kuma ki roƙi mai zane ta bar miki kan yatsa guda fari.

Tambaya: Malam, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu a nan Gusau. Masu iPhone sun ce tasu ko gwamnatin Amurka ba ta iya buɗe ta. Masu Samsung sun ce yatsa ya fi fuska aminci. Wani kuma ya rantse ya ga ana kwafe zanen yatsa daga jikin kofi. Mun amince kai ne alƙali.

Amsa: Ƙanena, kun naɗa ni alƙalin da ko shayin majalisar ba zai sha ba, amma bismillah.

Mai maganar kofi bai yi ƙarya ba. Apple ya fito da iPhone 5s mai karanta yatsa a watan Satumba na 2013, ba a cika mako ba wata ƙungiyar masana kwamfuta a Jamus mai suna Chaos Computer Club ta nuna ta buɗe ta da yatsan roba. Sun ɗauki hoton sawun yatsa daga jikin gilashi, suka buga shi, suka zuba masa gam, ya bushe, suka ɓare. A ƙarshen 2014 ɗaya daga cikinsu, Jan Krissler, ya ce ya haɗa zanen babban yatsan ministar tsaron Jamus ta lokacin, Ursula von der Leyen, daga hotunan da aka ɗauke ta a taron manema labarai. Masu Samsung kuma kada su yi dariya da wuri: a watan Oktoba na 2019 aka gano cewa in aka sa wa Galaxy S10 wata irin rigar roba mai rufe gilashi, kowane yatsa na iya buɗe ta. Wasu bankunan Ingila har suka dakatar da shiga manhajarsu da yatsa a wannan wayar, sai da kamfanin ya aiko da gyara.

Masu cewa Amurka ba ta iya buɗe iPhone, su ma ga tasu. A 2016 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta kai Apple kotu don ya buɗe mata wayar wanda ya kai hari a garin San Bernardino na ƙasar, Apple ya ƙi, ƙarshe hukumar ta biya wasu ƙwararru suka buɗe mata. Tsohuwar waya ce, 5c, kuma na yanzu sun fi ta tauri nesa ba kusa ba, amma kalmar "ba a iyawa" ba ta da gurbi a wannan fage.

Game da yatsa da fuska, Apple da kansa ya ba da lissafi: yiwuwar yatsan wani baƙo ya buɗe wayarka ɗaya ce cikin 50,000, fuskarsa kuma ɗaya cikin 1,000,000. Sai dai ya ƙara da cewa lissafin fuska kan sauka in tagwaye ne, ko 'yan'uwa masu kama da juna, ko yara 'yan ƙasa da shekara 13. A gidajenmu da ake samun wa da ƙani kamar an tsaga kara, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Amma fa kada ku ɗauka duk buɗe waya da fuska ɗaya ne. iPhone na watsa ɗigon haske sama da 30,000 wanda ido ba ya gani, ta auna tudun hanci da zurfin ido. Yawancin wayoyin Android masu sauƙin kuɗi kuwa da kyamarar gaba kawai suke dubawa, kuma an sha yaudarar irinsu da hoto. In wayarka cikinsu take, kashe buɗewa da fuska, ka tsaya a yatsa.

Hukuncina: fuskar iPhone da yatsan manyan Samsung sun yi canjaras ga mutum irina da irinku. Ba wanda zai zauna ya kwaɓa gam don ya karanta saƙonnin majalisarku. Inda ake kayar da ku duka shi ne lambar sirri. Kowace waya, in yatsa ko fuska ta ƙi, lamba take tambaya, kuma wanda ya san lambar ba ya buƙatar yatsanka, zai ma iya goge naka ya sa nasa. Lamba huɗu hanya 10,000 gare ta, shida kuma 1,000,000, amma in shekarar haihuwarka ce ko ƙarshen lambar wayarka, ai hanya ɗaya ce. Masu kulle waya da zane kuma, ku gwada wannan yau da dare: ku karɓi wayar abokinku, ku karkata gilashin wajen ƙwan lantarki. Sau da yawa za ku ga sawun maiƙon yatsa ya zana harafin farkon sunansa ɓaro-ɓaro.

Tambaya: Malam, an ƙwace mini waya a cikin adaidaita sahu a Kano bayan magariba. Tana da makullin yatsa da lamba shida, ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce to waya ce kawai ta tafi. Da safe na je banki na tarar an yashe asusuna, har an ci bashi da sunana. Ta yaya suka buɗe ta? Ko da hannun na gida?

Amsa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da mafificin alheri, ya kuma sa iyakar wahalar ke nan. Mun gode wa Allah da ba su taɓa lafiyarka ba, don mutanen Kano ba su manta da 2023 ba, lokacin da masu ƙwacen waya suka riƙa soke mutane a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Kada ka zargi na gida tukuna. Mafi rinjayen zato shi ne ba su buɗe wayarka ba sam, kuma ba su da buƙata. Da allura ɗaya ake zare sim. Kafin ka sauka daga adaidaitar ka sami wanda zai ara maka waya, layinka yana cikin wata 'yar ƙaramar waya mai tocila. Daga nan duk saƙon banki wurinsu zai je, duk lambar tabbatarwa da ake turowa su za su karanta, kuma lambobin nan na tauraro da muke danna wa banki ba tare da data ba, layi suka sani, ba su san fuskar mai riƙe da shi ba. Ba zan zayyana matakan da ɓarayin ke bi ba, amma ka sani tunda aka ɗaure layi da lambar BVN ta banki da NIN ta katin ɗan ƙasa, mai riƙe da layinka ya riƙe rabin shaidarka. Sa wa waya yatsa a bar sim a sake, tamkar garƙame shago ne da kwaɗo uku a rataye makullin a ƙusa bakin ƙofa.

Maganin kyauta ne, kuma bai kai minti biyu ba: sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. A cikin saitin waya, wajen tsaro, akwai wurin kulle sim. In ka kunna shi, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka mai da layin wata waya, ba zai kama sabis ba sai an sa lambar. Sai dai a yi hattara. Za a fara tambayar ka lambar da layin ya zo da ita daga kamfani. In ba ka san ta ba kada ka yi ta canka, kira kamfanin ko ka je ofishinsu. Kuskure uku ke toshe layi, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, ita ma in ka kuskure ta sau goma layin ya mutu. Wannan katin da muke yarwa a bakin shago, yana da rana.

Bayan wannan, hana wayarka nuna abin da ke cikin saƙo alhali tana kulle, don lambar tabbatarwa kan fito a fuskar waya kowa ya karanta. Tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka haddace ta, ka kuma rubuta ka ajiye a gida. Wanda aka yi wa ƙwace, abin yi na farko rufe asusu ne da layi a daren, ba sai gari ya waye ba. Awannin da kai ka yi kana juyayi su ne ɓarayin suka yi aiki a ciki. Danna *#06# yanzu a sabuwar wayarka, ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ita 'yan sanda za su tambaya.

'Yan kasuwa da dama a Kantin Kwari da Singa sun daɗe da gano wata dabara da nake ganin ta fi duk wani saiti: layin banki daban, yana cikin ƙaramar waya a gida ko a aljihun ciki, babbar wayar da ake fitarwa a titi kuma layin hira ne kawai a kanta. In wayarka na karɓar eSIM, wato layin da ake zubawa cikin waya ba tare da kati ba, shi ma ya toshe wannan ƙofa, tunda ba abin da za a zare. iPhone na da shi tun daga XS ta 2018, manyan Samsung ma haka.

Su ma kamfanonin sun farga. A watan Janairu na 2024 Apple ya ƙara wani tsari da in wayar ta bar wuraren da ta saba, ba a canza makullan asusunta da lamba kaɗai, sai da fuska ko yatsa, sannan a jira awa guda. Google kuma a shekarar ya fito da wanda ke jin an fizge waya an ruga da ita, sai ta kulle kanta, an fara gwada shi a Brazil inda su ma ƙwace ya addabe su. Duka biyun sai ka shiga saiti ka duba ko a kunne suke.

Bashin da aka ci da sunanka kuma, kai takardar rahoton 'yan sanda ga bankin da masu bashin, a rubuce, ka riƙe kwafi mai hatimi.

Tambaya: Ɗana, ni dattijo ne daga Maraɗi. Jikana ya sayo mini waya ya ce in ɗora yatsa. An gaya mini Turawa ke tara zanen yatsun mutane ta nan. Gaskiya ne?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A wayoyin sanannun kamfanoni, zanen yatsa ba ya fita daga cikin wayar. Ba ma hotonsa ake ajiyewa ba, ana mai da shi wasu lambobi ne a kulle a wani keɓaɓɓen sashe na ƙwaƙwalwar wayar. Ko manhajar banki ba ta ganin sa, tambaya kawai take yi ko mai wayar ne, a ce mata e ko a'a. Inda ake tara zanen yatsu a rumbu shi ne wajen rajistar katin shaida da fasfo da na zaɓe, ko BVN da aka fara a Najeriya a 2014, kuma wannan gwamnati da bankuna ne, ba waya ba.

Abin da zai fi damun ka shi ne yatsan ya ƙi kamawa, don shekaru da aikin fartanya suna shafe zane. Ko a zaɓen Najeriya na 2015 sai da na'urar tantancewa ta ƙi karɓar shugaban ƙasa Goodluck Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke. In taka ta ƙi, jikanka ya sa maka lamba, ba laifi.

Tambaya: Malam, mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon suga. Na ga agogon zamani a kasuwa mai sauƙin kuɗi, mai shagon ya ce yana auna jini da suga ba tare da tsira allura ba. Ko in saya mata? In ba shi ba, wanne ya fi tsakanin na Apple da na Samsung da ƙananan nan na Oraimo da Xiaomi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri. Kada ki saya mata shi don suga. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Apple da Samsung da duk dukiyarsu ba su sayar da irinsa. Na taɓa tsayawa a wani shago, aka ɗauko mini irin wannan agogon daga cikin gilashi, yana kwance a kan kanta ba a hannun kowa ba, na danna wurin suga, ya ɗan yi ƙyafta-ƙyafta da koren haske, ya rubuto lamba mai kyau. Katakon kantar lafiyarsa ƙalau, in ji agogo. Haɗarin shi ne Mama ta ga irin wannan lamba ta ajiye magani.

Hawan jini ma kusan haka ne, da ɗan bambanci. Agogon Samsung na ƙiyasta shi, amma sai an daidaita shi da na'urar asibiti mai ɗaure dantse duk bayan mako huɗu, kuma da wayar Samsung yake tafiya. Huawei na da wani mai suna Watch D wanda igiyarsa ke kumbura ta matse hannu, shi ne ya fi kusa da awo na gaskiya, amma da tsada. Kuɗin da kike shirin kashewa, sayi na'urar awon jini ta dantse da ta suga a kemis, ma'aikacin jinya ya nuna miki yadda ake amfani da su.

In kuma ke ce ke sha'awar agogon don kanki, wayar hannunki ce za ta zaɓar miki. Apple Watch, tun fitowarsa a 2015, ba ya aiki sai da iPhone. Na Samsung tun daga Watch 4 na 2021 ba ya kama iPhone. Biyun nan su ne gwanaye wajen kyan ƙira da bugun zuciya da amsa saƙo, amma ga inda gizo ke saƙar: Apple da kansa awa 18 ya riƙa rubuta wa batirin agogonsa na yau da kullum har zuwa 2025. Wato kowane dare sai caji, a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Na san mutane da dama da nasu ya koma abin ado, yana ɗaure a hannu baƙi ƙirin. Siraran nan na Xiaomi da Huawei kan yi mako guda zuwa biyu, Oraimo ma yana kwanaki, kuma suna kama kowace waya. Suna ƙirga taku, su nuna mai kira, su tashe ki da asuba ta hanyar girgiza ba tare da an tashi yara ba. Ga yawancin mutane wannan ya isa.

Abu guda da ake mantawa: agogunan nan ba su da wurin yatsa. Na Apple da Samsung lamba ake sa musu, su kulle kansu in an cire su daga hannu. Masu arha da yawa ko wannan babu, saƙon banki na shigowa na kusa da ke a mota ya karanta. Ki zaɓi manhajojin da za su riƙa aika masa saƙo, ki cire na banki.

Tambaya: Malam, zan iya alwala da agogon a hannuna?

Amsa: Ta fuskar na'ura, in an rubuta masa alamar jure ruwa ta IP68 ko 5ATM ruwan alwala ba zai yi masa komai ba. Ruwan zafi da sabulu ne ke cinye robar da ke toshe shi, don haka cire shi in za ka yi wanka. Ta fuskar ibada kuwa, ka san sai ruwa ya game hannu har gwiwa, agogon zamani kuma ɗamewa yake yi don ya ji bugun jini. Ni sassauta nawa nake yi in zame shi, sauran bayani ka nemi malaminku.

Tambaya: Malam, ba wai ina ɓoye wani abu ba ne, amma in mutum yana barci, iyali za su iya kama yatsansa su buɗe wayarsa? Daga wani magidanci a Kaduna.

Amsa: Alhaji, na yarda ba ka ɓoye komai. Za su iya, yatsa bai san barci ba, kuma yara sun fi iyayensu mata ƙwarewa a wannan, don su sami wasan mota. Fuskar iPhone ita sai ido a buɗe yana kallon ta, muddin ba ka kashe wannan sharaɗin ba. In kana son yatsa ya daina aiki na dare ɗaya, kashe wayar ka sake kunna ta ka ajiye, ba za ta karɓi komai ba sai lamba. Sauran maganar ba ta wannan fili ba ce.

Tambaya: Malam, gilashin wayata ya fashe na kai aka canza, tun daga ranar wurin yatsa ya daina aiki. Mai gyaran ya ce dama haka suke yi. Cuta ta ya yi?

Amsa: Malama, ya danganta da cinikin da kuka yi. In yatsan wayarki a ƙarƙashin gilashi yake, to gilashinta na asali irin wanda haske ke ratsawa ne ya kai ga kyamarar da ke ƙasa. Akwai kwaikwayo mai arha a kasuwa, yana da fitila da faranti a bayansa da ke tare hanyar, sai hoto ya fito, taɓawa ta yi aiki, amma yatsa ya tafi ke nan. Za ki gane shi da ɗan kauri, da baƙin da ya koma toka-toka, da batirin da ya fara saurin ƙarewa. In kuɗin mai arha kika biya, laifinsa shi ne bai gaya miki abin da za ki rasa ba. In kuɗin na asali ya karɓa, koma da waya da rasit, in ya ƙi ki kai shi wajen shugabannin kasuwar, Fam Santa ta Kano da sauran manyan kasuwannin waya duk suna da ƙungiya. Wani lokacin kuma gilashin mai kyau ne, daidaita na'urar ce ba a yi ba bayan an ɗaura shi, wannan a ofishin gyara na kamfanin ake yi.

Masu sayen iPhone ta hannu su ma su ji. Madannin yatsa da na'urar fuska an ɗaure su da ƙwaƙwalwar wayar tun daga masana'anta, in mai gyaran kasuwa ya musanya su da na wata waya yawanci ba sa tashi. Shi ya sa za ka ji an karya farashi ana cewa komai lafiya, fuska ce kawai ba ta yi. Kafin ka ƙirga kuɗi, yi wa yatsanka ko fuskarka rajista a gaban mai shagon, ka kulle ka buɗe, ka tabbatar an cire asusun iCloud na mai ita na farko. Ka duba gefenta kuma, don iPhone 14 da na bayanta da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sim ko ɗaya, da eSIM kaɗai suke aiki, sai ka je ofishin kamfanin layinka an mai da maka layin.